Tawadar Allo da Batirin Waya: Tasirin Girman Ƙwaya da Gyaran Fuskarta

A 'yan shekarun nan batir ya zama abokin zaman kowane gida a ƙasar Gumel. Daga cikin garin Gumel har ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, da wuya a shiga gidan da babu wayar hannu, ko fitila mai caji, ko faifan sola a kan rufi. A kasuwar Maigatari kuwa, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, sana'ar cajin waya ta zauna da gindinta. Sai dai kukan da ake yawan ji iri ɗaya ne, wato batirin da ke kwana biyu da caji sa'ad da yake sabo, bayan shekara ɗaya ko biyu ba ya kai la'asar. Mutane kan ce jabu ne. Akwai jabu kam, amma na ƙwarai ma yana tsufa, kuma babban dalilin tsufan yana ɓoye ne a jikin wani baƙin gari wanda ido ba ya iya rarrabe ƙwayoyinsa.

Batirin waya da yawancin sababbin batiran sola na litiyam ne. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka share fagensa kyautar Nobel, su ne John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. A cikinsa akwai ɓangarori biyu, anod da katod, da wani ruwa a tsakaninsu. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam sukan bar katod su ratsa ruwan su shige cikin anod su zauna. Idan ana amfani da wayar sai su koma inda suka fito, a yayin nan ne wutar ke gudana. Ke nan anod shi ne rumbun da ake tara litiyam a ciki. A mafi yawan batira, rumbun nan garin girafayit ne, wato irin baƙin abin da ke cikin fensir.

Yadda ake haɗa anod

Duk almajirin da ya taɓa haɗa tawada ya san rabin aikin masana'antar batir, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Mai haɗa tawada yakan daka gawayi ko ya kankare baƙin gindin tukunya, ya tankaɗe, sannan ya haɗa da ruwan ƙaro. Idan gawayin bai daku ba, alƙalami zai riƙa karce allo, rubutu ya fito a tsittsinke. Idan kuma aka manta da ƙaro, baƙin zai kwanta a gindin kurtu ya bar ruwa fari a sama, kuma abin da aka rubuta da shi da ya bushe hannu kawai zai goge shi. Aiki biyu ƙaro ke yi a nan. Yana lulluɓe kowace ƙwayar gawayi ya hana ta mannewa da 'yar'uwarta tun tana cikin ruwa, sannan bayan ruwan ya bushe ya riƙe ta a jikin allo.

A masana'anta ma haka ne. Ana dama garin girafayit da ɗan garin kabon mai laushi ƙwarai, da wani sinadari mai danƙo, har ya zama kamar kunu mai kauri. Sai a shafa shi a kan fallen jan ƙarfe wanda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya bisa bakwai na gashin kai ba, a busar, a matse da nadi. Fallen jan ƙarfen shi ne allon, abin da aka shafa kuwa tawada ce, illa dai ita wannan ba a son ta wanku har abada. Abin da aka samu shi masana ke kira haɗaɗɗen abu, wato abubuwa biyu ko fiye da aka gauraya don su yi aikin da ɗayansu ba zai iya shi kaɗai ba. Kyansa ko muninsa ya rataya ne a kan tambayoyi biyu: yaya girman ƙwayoyin yake, kuma me ke jikin fuskarsu?

Tsaki da gari

Uwargida ta san tsaki ya fi gari daɗewa a kan wuta, kuma dunƙulen kanwa ya fi dakakkiya jinkirin narkewa. Dalili shi ne ruwa sai ya fara da fuskar abu kafin ya kai cikinsa. Ga wani ɗan lissafi da ɗalibi zai iya gwadawa a littafinsa. A ɗauki dunƙule mai kusurwa, kowane gefe santimita 1. Fuskokinsa shida ne, jimlar faɗinsu murabba'in santimita 6. Idan aka yayyanka shi zuwa ƙananan dunƙuloli masu gefen maikiromita 1, wato kashi ɗaya bisa dubu na milimita, nauyin bai canza ba, amma faɗin fuska ya ninku sau 10,000, ya kai murabba'in mita 6. Idan aka ƙara niƙawa zuwa nanomita 100, faɗin zai kai murabba'in mita 60, kamar filin ɗakin aji guda, duk daga abin da bai fi ƙwayar gurjiya ba.

Ɗaliban ilimin halittu sun riga sun haɗu da wannan ƙa'ida a wani wuri. Ita ce ta sa bangon ƙaramin hanji ya cika da 'yan ƙananan yatsu, ta sa saiwar gero ke fitar da gashi, ta kuma hana ƙwayar halitta girma fiye da kima, domin da ta girma, cikinta zai fi ƙarfin abin da fatarta za ta iya ciyarwa.

Ga batir, ƙanƙantar ƙwaya na da amfani a fili. Litiyam yana samun ƙofofin shiga masu yawa, kuma tafiyar da zai yi zuwa tsakiyar ƙwaya gajera ce. Lokacin wannan tafiya ba daidai da tsawon hanya yake ƙaruwa ba, yana tafiya ne da murabba'insa. Idan aka rage girman ƙwaya zuwa rabi, lokacin ya koma kashi ɗaya bisa huɗu. Idan aka rage sau goma, ya ragu sau ɗari. Shi ya sa batirin da ake so ya yi caji da sauri ake yi masa anod da ƙananan ƙwayoyi. Idan ƙwayoyin manya ne aka kuma tura wuta da ƙarfi, litiyam ba ya samun damar shigewa, sai ya taru a waje ya daskare ya zama ƙarfe, wani lokaci ya yi tsiro kamar ƙaya ya huda shingen da ke tsakanin anod da katod. Wannan na daga cikin hanyoyin da batir ke kama wuta.

Mai karatu zai ce to, a niƙa garin iya niƙuwa mana. A nan ne gizo ke saƙa.

Ɓawon kariya

Ruwan da ke cikin batir ba ya jure haɗuwa da anod mai caji. Da zarar sun haɗu a cajin farko, sai wani ɓangare na ruwan ya ruɓe a kan fuskar girafayit, ya haɗu da litiyam, su samar da wani siririn ɓawo. Masanin kimiyya Emanuel Peled ne ya bayyana irin wannan ɓawo a 1979. Ɓawon nan alheri ne, domin yana aiki kamar tantanin ƙwayar halitta: yana barin litiyam ya wuce, yana tare ruwan daga ci gaba da ruɓewa. Ba don shi ba da batirin litiyam bai yi rana ba. Amma ba kyauta ake samunsa ba. Duk litiyam ɗin da ya shiga ginin ɓawo ya tafi ke nan, ba zai ƙara ɗaukar wuta ba. A anod na girafayit akan yi asarar kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 tun a cajin farko, kafin ma batirin ya bar masana'anta.

To, ɓawo a kan fuska yake fitowa. Gari mai laushi fuskarsa ta fi yawa, saboda haka ɓawonsa ya fi yawa, asarar litiyam ma haka. Bugu da ƙari, gari mai tsananin laushi yana son yin gudaji, kamar yadda garin tuwo ke yi idan aka zuba shi a tafasasshen ruwa ba a tuƙa ba, kuma ba ya matsuwa sosai, sai ya cinye wuri. Saboda haka masana'antu suka tsaya a tsakiya. Girafayit na batir yawanci ƙwayarsa tsakanin maikiromita 10 ne zuwa 25, kuma sau da yawa akan gauraya manya da ƙanana don ƙananan su cike gurbin da ke tsakanin manyan, yadda magini ke haɗa tsakuwa da yashi.

Ɓawon ba ya daina girma gaba ɗaya. Yana ƙara kauri a hankali a tsawon rayuwar batir, yana gutsurar litiyam kaɗan-kaɗan, kuma babu abin da ke hanzarta shi kamar zafi. A ƙa'idar da masana sinadarai ke amfani da ita wajen ƙiyasi, ƙarin digiri 10 na zafi kan kusan ninka saurin irin wannan aiki. A arewacin Jigawa, inda zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, wannan magana ba ƙarama ba ce. Wayar da aka bari tana caji a ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana, ko aka jibge ta cikin wasu wayoyi a kan tebur ɗaya kowace na fitar da nata zafin, tana tsufa fiye da 'yar'uwarta da ke inuwa. Haka batirin sola da aka kulle a ɗakin da iska ba ta shiga. Abin ya fi muni idan batirin a cike yake taf sannan ga zafi. Mai gida da ya kashe kuɗin buhunan riɗi ya sayi batirin sola, ya fi masa riba ya nema masa wuri mai sanyi da iska fiye da ya ɓoye shi a ƙuryar da ta fi kowace zafi don tsoron ɓarawo.

Gyaran fuska

Girafayit na ƙasa a sigar ɓawon kifi yake fitowa, falle-falle. A cikinsa ƙwayoyin kabon sun jeru shimfiɗa a kan shimfiɗa kamar takardun littafi, tazarar da ke tsakaninsu nanomita 0.335. Litiyam ta gefen littafin yake shiga, ba ya huda bango. Idan aka matse irin waɗannan fallaye a kan jan ƙarfe sai duk su kwanta, su juya wa ruwan batir bangonsu, hanyar shiga ta yi nisa. Don haka ake murza su a cikin injin har su dunƙule su yi kama da dankali. Aikin nan yana da ɓarna, domin abin da ke fita a matsayin dusa kan kai rabi ko fiye, kuma ƙasar Sin ce ke yin mafi yawansa a duniya.

Bayan murzawa sai a yi wa kowace ƙwaya riga. Ana lulluɓe ta da kwalta, a gasa a wuta mai tsanani inda babu iska, kwaltar ta zama siririn mayafin kabon. Mayafin yana toshe ramuka da tsagogi, ya rage faɗin fuskar da ruwa zai taɓa, ya sa ɓawon kariya ya fito sumul. Nauyin rigar kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na ƙwayar, amma ita ke bambanta girafayit na batir da na fensir.

Silikon da matsalar kumburi

Girafayit yana da iyaka. Sai ƙwayoyin kabon shida sun taru kafin su riƙe litiyam ɗaya, abin da ya ba shi ƙarfin 372 a ma'aunin mAh a kowane giram, wato ma'aunin nan da ake rubutawa a jikin batirin waya. Batir mai 5,000 mAh yana bukatar kimanin giram 14 na girafayit. Silikon kuwa, wanda shi ne tushen rairayin da iska ke kwasowa a ƙasar Gumel, yana iya ɗaukar kusan 3,600, wato kusan ninki goma. Da zai yiwu, giram ɗaya da rabi ya isa.

Abin da ya hana shi ne kumburi. Girafayit idan ya cika da litiyam girmansa kan ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100. Silikon kuwa yakan ƙaru da kusan kashi 300. A kwatanta wake da aka jiƙa ya kumbura, aka shanya ya motse, aka sake jiƙawa, haka sau ɗari. Ƙwayar takan tsage, ta farfashe, gutsattsarin su rabu da jan ƙarfe. Kowace tsaga kuma sabuwar fuska ce da za ta nemi sabon ɓawo, ta ci sabon litiyam.

A 2012 wasu masu bincike a Amurka suka kalli ƙwayoyin silikon ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron, suna shan litiyam. Suka ga ƙwayar da faɗinta ya wuce kimanin nanomita 150 tana tsagewa, wadda ba ta kai haka ba kuwa tana kumbura lafiya ba ta fashe ba. Wannan sakamako ya nuna ƙarara cewa girman ƙwaya kaɗai na iya sauya halin abu. Sai dai ƙanƙantar da ta magance fashewa ita ce ta dawo da matsalar yawan fuska. Daga nan aka koma ga dabarun riga. A Jami'ar Stanford, ayarin Yi Cui sun sanya ƙwayar silikon cikin ƙoƙon kabon da ya fi ta girma, kamar gwaiduwa a cikin ƙwai, don ta kumbura a ciki ba tare da ta fasa ɓawon waje ba. A 2014 suka dunƙule irin waɗannan ƙoƙuna da yawa cikin riga ɗaya, suka kwatanta abin da 'ya'yan rumman. A kasuwa dai, abin da aka fi yi shi ne a sa silikon kaɗan cikin kabon ko girafayit, kuma wasu kamfanonin waya na ƙasar Sin sun fara sayar da wayoyi masu irin wannan anod.

Inda dakwara ta shigo

Ƙwayar da ke kumbura tana motsewa tana bukatar danƙon da zai riƙe ta gam ya kuma miƙe tare da ita. Tsohon danƙon roba da aka saba amfani da shi ba ya kama fuskar silikon sosai. Sai masana suka waiwayi tsirrai. A 2011 aka nuna cewa wani danƙo da ake samu daga ciyawar teku yana riƙe silikon fiye da na roba. A 2015 kuma mujallar Nano Energy ta buga binciken da aka yi da ƙaro, wannan dai ƙaron da ake tsinta a jikin dakwara.

Ga masanin tsirrai abin ba mamaki ba ne. Dakwara tana fitar da ƙaro ne don ta toshe rauni a lokacin rani, ta hana ruwan jikinta tserewa, ta tare ƙwayoyin cuta. Mafi yawan ƙaro dogayen sarƙoƙin sukari ne masu rassa, sai ɗan furotin kaɗan da ke haɗe da su. Sarƙoƙin sukarin cike suke da 'yan ƙugiyoyin sinadari masu kama fuskar silikon, wadda kullum ke da siririn mayafin da iska ta yi mata. Ɓangaren furotin kuwa, a bayanin masu binciken, yana aiki kamar zaruruwan da ake sawa cikin kankare don hana tsaga yaɗuwa. Wannan hali na kama abu da hannu ɗaya, a riƙe ruwa da ɗayan, shi ne ya sa ƙaro ke hana gawayi kwanciya a kurtu, kuma shi ne ya sa kamfanonin lemon kwalba ke sayensa.

Bai kamata a zuzuta abin ba. Nasara a ɗakin gwaji daban, masana'anta daban, kuma har yanzu manyan masu ƙera batir sun dogara ne da danƙon da ake sarrafawa daga itace haɗe da na roba. Amma Nijeriya na cikin manyan ƙasashen da ke fitar da ƙaro, tare da Sudan da Chadi, kuma Jigawa na cikin jihohin da ake samunsa. Akwai ma reshen Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya a Gashuwa, Jihar Yobe, wanda aikinsa binciken ƙaro ne. Abin takaicin shi ne mafi yawansa ɗanye yake fita, daraja kuwa tana wurin wanda ya tace shi ya san sinadarinsa. Haka ƙaiƙayin shinkafa, wanda ake jibgewa a bayan injinan casa: kusan kashi ɗaya bisa biyar na nauyinsa silika ce, wadda tsiron ya jera a ƙananan ƙwayoyi masu ramuka don kare 'ya'yansa daga ƙwari. A 2013 ayari biyu, ɗaya a Koriya ta Kudu ɗaya a Amurka, suka fitar da silikon na anod daga cikinsa.

Taya, laka da rama

Ƙa'idar ba ta tsaya ga batir ba. Tayar babur baƙa ce saboda garin kabon da aka cuɗa da roba, kuma garin da ya fi laushi ya fi sa taya jure goguwa. Da aka so a maye wani ɓangare nasa da silika sai aka tarar ba ta jituwa da roba, domin ita mai son ruwa ce, roba kuwa mai gudunsa. Sai da aka shafa mata wani sinadari mai suna silen, mai kai biyu, ɗaya ya kama silika ɗaya ya kama roba. Da wannan dabara kamfanin Michelin ya fitar da taya mai rage shan mai a 1992.

Maginin gargajiya ma haɗaɗɗen abu yake yi idan ya kwaɓa laka da ciyawa. Laka mai tsananin laushi tana tsagewa idan ta bushe, sai an sa mata yashi da ciyawa su riƙe ta. Makuba da ake jiƙawa daga kwasfar ɗorawa a shafe bango ko daɓe da ita, gyaran fuska ce da ke rage shigar ruwa. Zaren rama kuwa, 'yar'uwar yakuwar da ake noma don zoɓo a yankin Maigatari da Gagarawa, ana haɗa shi da roba a yi allunan cikin ƙofar mota. Kafin a haɗa akan jiƙa zaren a ruwan soda mai ƙarfi, irin hanyar da John Mercer ya gano wa auduga a Ingila a 1844. Sodar tana wanke kakin da danƙon da ke jikin zaren, ta bar fuskarsa da kaushi yadda roba za ta sami wurin kamawa. Idan aka yawaita sodar ko aka daɗe ana jiƙawa, zaren kansa sai ya ci, allon ya fito da rauni fiye da wanda ba a gyara ba.

Malamin kimiyya a makarantar sakandare zai iya nuna kusan duk wannan da kayan da ke hannu. A daka gawayi a raba shi gida biyu da rariya, mai laushi da mai tsaki. A zuba kowanne a kwalba biyu, ɗaya da ruwa zalla, ɗaya da ruwan ƙaro, a girgiza, a ajiye kwalabe huɗun a kan taga, ɗalibai su riƙa rubuta lokacin da kowace ta ɗauka kafin baƙin ya kwanta. Daga baya a shafa kowace a kan takarda, a bari ta bushe, a lanƙwasa takardar sau goma, a ga wadda ta zube da wadda ta tsaya.